Yadda za ka shirya doguwar tafiya a kan babur daga wata nahiya zuwa wata

Yawancin masu burin wannan tafiyar daga wajen babur suke farawa. Mutum zai raba dare yana kallon bidiyo, wane mashin ne ya fi ƙarfi, wace akwati ce ta fi kyau, ya zuba rabin kuɗinsa a ƙarfe, sannan daga baya ya gano ƙasar da ke tsakiyar hanyarsa ba ta ba mai irin fasfonsa biza a boda. Gaskiya babur shi ne abu na huɗu ko na biyar a lissafi. Takardu da yanayi su ke zaɓa maka hanya, kai dai bi kake yi. Toh bari mu ɗauke su daki-daki yadda ya kamata su jeru.

Fara da fasfonka

Ɗauko taswira ka ja layi daga inda za ka tashi zuwa inda kake so ka tsaya, ka rubuta duk ƙasar da layin ya taɓa, har wadda za ka ratsa cikin yini ɗaya. A gaban kowacce ka nemo amsar waɗannan: kana bukatar biza? Ina ake bayarwa, a boda ko ta intanet ko sai ofishin jakadanci? Kwana nawa suke bayarwa, kuma daga yaushe take fara ƙirgawa? Wannan ta ƙarshen ita ke kada mutane, don akwai bizar da take fara ci tun ranar da aka buga ta, kana can wata ƙasa kana fama da gyaran taya ita kuma kwanakinta na tafiya. Sannan bizar intanet ta wasu ƙasashen a filin jirgi kawai take aiki ko a wasu zaɓaɓɓun bododi, ka duba sunan ainihin bodar da za ka shiga yana cikin jerin. Wasu ofisoshin jakadanci kuma ba sa kula wanda ba mazaunin ƙasar ba ne, irin waɗannan dole tun daga gida za ka karɓo.

Fasfon ya kasance da saura aƙalla wata 6 bayan ranar da kake sa ran gama tafiyar, ba ranar tashi ba, kuma da shafuka da yawa da ba a taɓa ba, don biza ɗaya kan cinye shafi guda.

Ka lura da ƙasashen da suke haɗa kwanaki. Ƙasashen Schengen a Turai, wato waɗanda ake shiga da biza ɗaya, kwana 90 ne cikin kowane kwana 180 a haɗe gaba ɗayansu, ba kowace ƙasa da nata ba. Haka Guatemala, El Salvador, Honduras da Nicaragua, kwanakin da aka ba ka a ta farko su za ka yi ta ci har ka fita daga ta huɗun.

Sai bododin da suke a taswira amma a ƙasa babu su. Tsakanin Maroko da Aljeriya a rufe take tun 1994. Hanyar Alƙahira zuwa Cape Town wadda ta fi shahara a gabashin Afirka ta yanke tunda yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, shi yasa masu ratsa Afirka da yawa suka koma ta yamma, Maroko, Muritaniya, Senegal har ƙasa. China kuwa ba a shiga da abin hawan waje haka kawai, sai ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi, da ɗan rakiya, da lamba da lasisin wucin gadi, ana fara shirin watanni kafin a iso, kuma saboda tsadarsa matafiya sukan haɗu su raba kuɗin. Daga bodar Taftan zuwa Quetta a Pakistan da rakiyar jami'an tsaro ake tafiya, su ke faɗin lokacin tashi da na tsayawa. Irin wannan labarin yana canzawa, abun da wani ya rubuta shekara uku baya kar ka hau kai ka zauna, ka nemi wanda ya ratsa cikin watannin nan.

Inda titi ya ƙare

Kusan duk hanyar da za ka zana akwai inda sai an ɗauki babur ɗin. Mai sauƙi shi ne jirgin fito, kamar daga Algeciras a Sifen zuwa Tanger Med a Maroko, ka hau da mashin ɗinka a ɗaure shi ka sauka da shi. Mai wuyar shi ne irin na dajin Darién tsakanin Panama da Kolombiya, kusan kilomita 100 babu titi sam, duk da ana cewa hanyar Pan-American ta tashi daga Alaska har Ushuaia a ƙarshen Ajantina. A nan ko dai jirgin sama daga birnin Panama zuwa Bogotá, ko kwantena daga Colón zuwa Cartagena.

Mutane na ɗauka jirgin ruwa ya fi arha, a takarda haka ne. Amma ka ƙara kuɗin tashar da za a sauke, da na ejan, da na ajiya, da makonnin da za ka yi kana biyan masauki kana jiran jirgin da aka ɗage ranarsa, sau da yawa sai ka ga na saman bai fi shi da wani abun kirki ba, ga shi cikin 'yan kwanaki ka karɓi kayanka. Ni dai in babur ɗaya ne na sama nake ba da shawara, kwantena sai in kun kai ku uku ko huɗu kuna rabawa. A jirgin sama ba nauyi kaɗai ake aunawa ba har da girman akwatin, ana ninka tsawo da faɗi da tudu a santimita a raba da 6000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da ainihin nauyin shi za ka biya. Shi yasa ake cire tayar gaba da madubai a kwantar da kan babur don akwatin ya ƙanƙance. Man da ke tanki ba zai wuce kwata ba, batir kuma galibi sai an cire masa waya. In Ostareliya ko New Zealand ka nufa, wanki za ka yi na gaske har cikin haƙoran taya da ƙarƙashin madgad, ƙasa ko ƙwayar ciyawa kaɗan suka gani sai an sake wankewa da kuɗinka.

Yanayi shi zai ba ka ranar tashi

Ka ɗauko wurare biyu ko uku da suka fi tsanani a hanyar, ka ga watannin da ake iya ratsa su, sai ka yi lissafi da baya. Mai bin nahiyar Amurka yana so ya kasance a Alaska tsakanin Yuni da Agusta, ya kuma isa Patagonia, can kudancin Ajantina da Chile, tsakanin Disamba da Fabrairu, don a kudancin duniya lokacin ne zafi. Hanyar Pamir a Tajikistan tana hawa har mita 4,655 a mashigar Ak-Baital, ta watannin zafi ce, kuma tana da nata izinin na daban banda biza. Sahara a guje ta a tsakiyar zafi, tsakiyar Afirka a guje ta da damina don hanyar da ake yi a yini ɗaya sai ta ci sati, Indiya kuma ruwan sama kan mamaye ta daga Yuni zuwa Satumba. Ba za ka dace da duka ba, wani wajen dole ka jiƙe, ka dai zaɓi wanda za ka iya jurewa.

Wajen ƙirga kwanaki kar ka yaudari kanka. Kilomita 250 zuwa 300 a rana shi ne abun da jiki ke ɗauka in tafiyar ta watanni ce. Kilomita 20,000 kenan wajen kwana 70 a kan sirdi, sannan ka ɗora hutu, jiran biza, gyara, ciwon ciki, ranakun boda, sai ka ga wata huɗu ma a matse ne.

Takardun babur, nan ake yin ta

Babur ɗin ya zama da sunanka yake, kuma sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Je ka tsuguna ka karanta lambar jikin firam da ta inji da idonka ka gwada da abun da ke takarda, don an sha samun inda aka buga 8 a madadin B, kuma kwastam ɗin wata ƙasa shi zai fara gano maka. In da bashin banki a kansa ko na wani ne, sai da takardar izini mai hatimi, wasu ƙasashen ma ba sa karɓa.

Duk ƙasar da ka shiga tsoronta ɗaya ne, kar ka sayar da babur ɗin a cikinta ba ka biya haraji ba. Hanyar magance wannan iri biyu ce. Ta farko takardar shigo da abin hawa ta wucin gadi, a boda ake cikewa, wani wajen kyauta wani wajen da ɗan kuɗi, da ita ake ratsa nahiyar Amurka tun daga sama har ƙasa da ƙasashe da dama na Afirka da tsakiyar Asiya. Ta biyun ita ce Carnet de Passages en Douane, matafiya karne kawai suke cewa, kusan fasfon babur ne. Ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin manyan ƙungiyoyin duniya biyu, FIA da AIT, ke bayarwa, irin su ADAC ta Jamus, shekara ɗaya take yi, kuma sai ka ajiye kuɗin jingina ko garantin banki gwargwadon darajar babur ɗin da ƙasashen da za ka shiga. Iran, Pakistan, Indiya da Masar suna cikin masu nemanta. Ka ga kenan babur mai tsada sau biyu yake cin kuɗinka, wajen saye da wajen jingina, wannan kaɗai ya isa ya sa ka sake tunani kafin ka sayi ƙato.

Kowane shafin karne kashi uku ne. Ranar shiga kwastam zai yage na ƙasa ya buga hatimi a na sama, ranar fita a yage na tsakiya a sake buga hatimi a na saman. Wannan na saman da ya rage a littafin shi ne shaidarka, duk shigar da ba ta da hatimin fita a idon hukuma babur ɗin yana cikin ƙasar har yanzu kuma daga jinginarka za a cire harajin. A ƙananan bododi za ka haɗu da jami'in da bai taɓa ganin takardar ba, sai ka nuna masa cikin ladabi inda zai yaga da inda zai buga.

Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri biyu ne aka fi amfani da su, na yarjejeniyar Geneva ta 1949 mai shekara ɗaya da na Vienna ta 1968 mai kaiwa shekara uku, ƙasashe sun rabu a kan wanda suke karɓa, kuma ba ya aiki sai tare da lasisinka na gida mai ajin babur. Inshorar wanda ka buge ita ma yanki-yanki ce: koren kati a Turai, katin ECOWAS mai ruwan ƙasa a yammacin Afirka, katin COMESA mai ruwan ɗorawa a gabashi da kudanci, inshorar dole da suke kira SOAT a Kolombiya da Peru, inda babu irin wannan a bakin boda ake saya. Duk takardun nan ka yi musu kwafi da yawa, ka kuma ajiye hotonsu a waya da imel.

Kuɗi

Kuɗin kullum, wato mai da abinci da wurin kwana, ka ninka da kwanakin. Sannan manyan da ba na kullum ba: ɗaukar babur a jirgi da tikitinka, bizoji, karne, tayoyi, kaca, juye. A kan jimillar ka ɗora kashi ɗaya cikin huɗu, sannan a gefe can ka ware kuɗin komawa gida kai da mashin wanda ba za ka taɓa ba ko me ya faru. Katin banki biyu daga banki daban-daban, kar su kwana a aljihu ɗaya. A Iran katin waje ba ya aiki, a Rasha ma Visa da Mastercard na waje sun daina tun 2022, sai tsabar kuɗi. Dalar da za ka riƙe ta zama sabuwa ba yagewa ba rubutu, masu canji suna ƙin tsohuwa, kuma ka rarraba ta wuri uku.

Yanzu ne aka zo kan babur

Wanda za ka iya ɗagawa kai kaɗai in ya faɗi a yashi, da kaya a kansa, ka gaji, ba kowa kusa, shi ne babur ɗinka. Ted Simon ya zaga duniya daga 1973 zuwa 1977 a kan Triumph mai cc 500, an kuma yi wanda ya taso daga Sydney har Landan a kan ƙaramin Honda na masu raba wasiƙa. Tsakanin cc 250 da 700 ya wadatar. Abun dubawa shi ne a sami kayan gyaransa a ƙasashen da za ka bi, girman tayarsa ya zama wanda ake samu ko'ina kamar inci 21 a gaba da 18 ko 17 a baya, kuma ya iya shan man da ba shi da kyau. Mai kafireta kowane makanike zai buɗe shi amma yana shaƙewa a kan tsaunuka, mai injekta yana daidaita kansa amma in famfon mansa ya mutu a daji sai dai a ɗauke shi. Kowanne da lalurarsa.

Tanki ya kai ka kilomita 350 zuwa 400, in bai kai ba ka ƙara jarka. A hanyar Dalton ta Alaska daga Coldfoot zuwa Deadhorse kusan kilomita 390 ne ba gidan mai, a yammacin Uzbekistan kuma motoci da yawa gas suke sha, sai ka ga gidan mai ga shi nan amma babu fetur.

Kafin tashi ka sa sabuwar kaca da haƙoranta, birki, boris ɗin ƙafafu, batir, a duba shokozoba don ita kaya ke fara kashewa. Ka koyi cire taya ka yi faci da kayan da za ka tafi da su, ba da na gareji ba, duk safanar da ba ka taɓa ba wajen wannan aikin da juye da ɗaure kaca ka bar ta a gida. Kayan sawa na gyara kaɗan ne: tib, fulogi, wayar kuloci, hannun birki da na kuloci, fis, filtar mai, mahaɗin kaca. Wayar kulocin ma ka ɗaura sabuwar a jikin tsohuwar tun yanzu, ranar da ta tsinke sai dai ka sauya kai kawai. Taya kar ka yi ta jan ta wata da watanni, ka gano garuruwan da ake samu ka yi oda kafin ka isa.

Kaya masu nauyi ƙasa-ƙasa kuma kusa da tsakiya, ba can bayan tayar baya ba. Hular kwano mai kyau, riga da wando masu kariya, takalmi mai rufe idon sawu, waɗannan ba a yi musu rowa. Taswira ka sauke ta a waya don inda ba sabis, da manhaja irin su OsmAnd ko Organic Maps, sai manhajar iOverlander don sanin wurin kwana da halin bododi. A kula, Maroko na ƙwace ɗan jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi a boda, Indiya kuma ta hana shiga da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ba izini, an kama matafiya a kan haka.

Jikinka

Je asibitin matafiya wata biyu kafin tashi don wasu alluran sai an maimaita. Katin rigakafin shawara yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 na har abada ne. Ka tambayi maganin kariya daga maleriya in hanyarka ta bi yankinta. Inshorar lafiya ka karanta ƙananan rubutun, da yawa ba sa biyan haɗarin babur da ya wuce cc 125, kuma ka tabbata akwai ɗauko ka a jirgi in abu ya yi tsanani. Sama da mita 2,500 a hau a hankali, ciwon kai da amai in suka ƙi tafiya sauka ake yi. Tuƙin dare kuwa ka haramta wa kanka shi kawai, dabbobi, ramuka, motocin da ba fitila.

Sai gwaji. Ka ɗaure kayan gaba ɗaya yadda za ka tafi, ka yi kwana huɗu ko biyar a hanya har da ta ƙasa da ruwan sama in ka samu, ka kafa tantin ka naɗe. Da ka dawo duk abun da ba ka buɗe ba, banda magani da kayan gyara, ka sauke shi.

Ranar boda

Ka kwana a garin da ke kusa, ka cika tanki, ka iso da sassafe, ba ranar hutu ba kuma ba dab da tashin cin abinci ba. Ka faka inda idonka ke kai, ka cire hular kwano da tabarau kafin ka yi wa jami'i magana, ka gaishe shi. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: a ƙasar da kake bari kwastam su fitar da babur, shige da fice su fitar da kai, a sabuwar kuma a shigar da kai tukuna sannan babur, sannan inshora. Tun kafin ka kashe inji za ka ga mutane sun yanyame ka kowa na miƙo hannu wai kawo fasfo ya taimaka, kar takardarka ta asali ta shiga hannun wanda ba ya cikin ofis. In wurin ya rikice har kana son ɗan jagora, ku yi ciniki tukuna kuma takardun su zauna a hannunka. Bodar Rosso tsakanin Muritaniya da Senegal ta yi suna a wannan, shi yasa da yawa suke zagayawa ta Diama. Duk kuɗin da aka nema ka ce a ba ka rasit, kana murmushi, ka nuna kai ba sauri kake ba, sau da yawa maganar a nan take mutuwa. A kudancin Maroko da Muritaniya shingayen bincike suna da yawa, matafiya sukan buga ƙananan takardu masu ɗauke da suna, lambar fasfo da lambar babur, a kowane shinge ka miƙa ɗaya ka wuce maimakon a tsaya ana kwafa da biro.

Kafin ka bar tagar kwastam ka tsaya nan ka karanta abun da aka rubuta: lambar firam daidai take? Kwana nawa aka ba babur ɗin? Don ba lallai su zo ɗaya da naka ba, ana iya ba ka 90 shi a ba shi 30. Ka kuma tambaya wane hannu ake tuƙi, daga Iran zuwa Pakistan ko daga Habasha zuwa Kenya hannun yana juyawa daga dama zuwa hagu, ka liƙa ɗan tef a madubin gefen da ya kamata ka bi don da safe ne ko bayan ka sha mai ake mantawa.

In tafiyar za ta wuce shekara, ka nemi sabuwar karne tun da saura wata biyu ko uku, don sai an aiko maka ita kuma sai kwastam sun mayar da shigarka kan sabuwar. Da ka dawo da babur gida ka kai shi kwastam su cike shafin ƙarshe mai shaida cewa sun gan shi da idonsu, ka ɗauki hoton kowane shafi, sannan ka aika littafin ga ƙungiyar da ta ba ka ta hanyar da za ka iya bin sawunsa, sai sun duba hatiman sun cika za su sako maka kuɗin jinginarka.